Jigilar Motocin Dusar Ƙanƙara a Kan Tirela: Ire-irensu, Dokoki da Haɗurran Doguwar Tafiya

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa tsawon watanni a kowace shekara, akwai motocin da aka ƙera musamman domin tafiya a kanta. Da su ake kai abinci da magani ƙauyukan da hanya ta yanke musu, da su ake isa ga layukan lantarki da ke kan tsaunuka, ake neman waɗanda suka ɓata, ake gyara filayen wasan zamiya, ake kuma jan kayan masu bincike a yankin Antaktika. Sai dai waɗannan motoci kamar kada suke, ƙarfinsu a muhallinsu yake. Da zarar sun bar dusar ƙanƙara sun zo bakin kwalta, sai su koma kaya, dole a ɗora su a kan tirela a ɗaure.

Tsakanin masana'antar da ta ƙera irin wannan mota da wurin da za ta yi aiki, sau da yawa akan sami tazarar dubban kilomitoci. Wannan ya sa jigilarsu ta zama aiki mai ƙa'idojinsa, tun daga zaɓen tirela da neman takardun izini har zuwa yadda ake ɗaure kaya da lokacin da ya kamata a kama hanya. Sakaci a ɗaya daga cikin waɗannan matakai yakan jawo asarar na'ura mai tsada ko ta rayukan masu amfani da hanya, jinkiri kuma yakan sa kakar aiki ta wuce motar ba ta isa ba.

Ire-iren motocin

Ana iya kasa motocin dusar ƙanƙara gida uku, kuma girman kowane rukuni ne ke fayyace yadda za a ɗauke shi.

Rukuni na farko shi ne babur ɗin dusar ƙanƙara, wanda ke ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. A gaba yana da faya-fayan zamiya guda biyu a madadin taya, a baya kuma bel ne na roba mai faɗi wanda ke tura shi. Nauyinsa yakan kama daga kilogiram 200 zuwa 300. Tarihinsa yana da alaƙa da Joseph-Armand Bombardier, wani makaniki na garin Valcourt da ke lardin Quebec a Kanada. A hunturun 1934 ƙaramin ɗansa ya rasu domin dusar ƙanƙara ta toshe hanyar zuwa asibiti. A 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum 7 da ake kira B7, sannan a 1959 kamfaninsa ya fara sayar da babur ɗin Ski-Doo. Sauran fitattun sunaye a wannan fanni sun haɗa da Polaris da Arctic Cat, waɗanda suka samo asali a jihar Minnesota ta Amurka, da kuma Lynx na garin Rovaniemi a Finland.

Rukuni na biyu shi ne matsakaitan motoci masu rufi, masu ɗaukar ma'aikata da kaya. Misalinsu shi ne Bv 206 na kamfanin Hägglunds a Suwidin, mota mai gida biyu a haɗe wadda nauyinta ya haura tan 4 amma faɗinta bai kai mita 2 ba. Akwai kuma Tucker Sno-Cat da ake ƙerawa a Medford ta jihar Oregon, mai bel huɗu. Irin wannan mota tana cikin waɗanda ayarin Vivian Fuchs ya yi amfani da su wajen ratsa Antaktika daga gefe zuwa gefe cikin kwana 99, daga Nuwamban 1957 zuwa 2 ga Maris, 1958.

Rukuni na uku shi ne manyan motocin baje dusar ƙanƙara. Kowace tana da garma a gaba irin ta katafila, da injin niƙa da lailaye ƙanƙara a baya. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarsu: Kässbohrer na garin Laupheim a kudancin Jamus, wanda ya fito da PistenBully ta farko a 1969, da Prinoth na garin Sterzing a arewacin Italiya. Babbar mota a wannan rukuni takan kai tan 10 ko fiye, faɗinta da bel ya wuce mita 4, garmarta kuma idan an buɗe ta takan zarce mita 5. Ita ce ta fi kowace wahalar ɗauka.

Abin da ya hana su bin kwalta

Duk wanda ya taɓa ganin katafila a kan doguwar tirela a hanyar Abuja zuwa Kaduna ya ga asalin lamarin: na'urar da ke tafiya a kan bel ba a barinta ta bi titi da ƙafarta. Motar dusar ƙanƙara kuwa ta fi katafila rauni a wannan ɓangare. An faɗaɗa bel ɗinta ne domin nauyi ya bazu, har ya zama dannawar da take yi wa ƙasa ba ta kai ta tafin ƙafar mutum ba. A jikin bel ɗin akwai haƙoran alminiyam ko na ƙarfe da ke kama dusar ƙanƙara. A kan kwalta haƙoran suna karcewa, su lanƙwashe, su kuma ɓata titin. Ga shi gudun babbar motar baje ƙanƙara bai cika wuce kilomita 20 da 'yan kai a awa ɗaya ba.

Shi ma babur ɗin bai tsira ba. Yawancin injinan zamani suna samun sanyi ne daga dusar da bel ke watsawa a ƙarƙashin kujera, kuma dusar ce ke zama kamar man shafawa tsakanin bel da sandunan da yake gogawa. Idan babu ita, inji ya yi zafi, robar ta narke, ƙarfen da ke ƙarƙashin faya-fayan gaba ya cinye cikin ɗan gajeren lokaci.

Tarihi ya adana wani gwaji da aka yi na tura babbar motar dusar ƙanƙara ta kai kanta tashar jiragen ruwa. A 1939 masanin kimiyya Thomas Poulter ya jagoranci ƙera wata ƙatuwar mota a Chicago, mai suna Snow Cruiser, domin ayarin Richard Byrd na zuwa Antaktika. Tsawonta ya kai mita 17, faɗinta kusan mita 6, tsayin kowace taya mita 3, nauyinta kuma kimanin tan 34. A ranar 24 ga Oktoba ta kama hanyar Boston da kanta, tafiyar fiye da kilomita 1,600. A jihar Ohio, kusa da ƙauyen Gomer, ta kauce daga wata ƙaramar gada ta faɗa rafi, inda ta kwana uku kafin a fito da ita. Cincirindon masu kallo ya riƙa toshe hanyoyi a duk inda ta bi. Ta samu shiga jirgin ruwan North Star a tsakiyar Nuwamba, amma da aka isa Antaktika sai tayoyinta marasa zane suka kasa kama ƙanƙara. A yau ana tsara motocin ne tun daga masana'anta ta yadda za a iya kwance sassansu a loda su a kan tirela ko a cikin jirgi.

Zaɓen tirela

Ƙananan babura ba sa buƙatar babbar mota. Mai a-kori-kura yakan ja ƙaramar tirelar alminiyam mai ɗaukar babur biyu ko huɗu. Akwai buɗaɗɗiya, mai araha da sauƙin ja, akwai kuma rufaffiya, wadda ta fi dacewa da doguwar tafiya domin tana kare kaya daga gishirin da ake zubawa a titi da kuma ɓarayi. Akan shimfiɗa layukan roba mai santsi a daɓen tirelar domin ƙarfen faya-fayan kada ya tsaga katako. Daga masana'anta zuwa wurin dillalai kuwa, akan saka sababbin babura cikin akwatuna a jera su a rufaffiyar babbar mota.

A ƙaramar tirela, rabon nauyi shi ne abin lura na farko. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na kaya ya zauna gaban tayoyin tirelar, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar nauyin zai sauka a kan mahaɗar da ke bayan motar. Idan nauyi ya taru a baya, tirelar takan fara lilo da zarar an ƙara gudu, kuma a kan titi mai santsi wannan lilo yana iya juyar da motar gaba ɗaya.

Matsakaitan motoci sukan hau tirela mai shimfiɗaɗɗen daɓe, ko wadda daɓenta ke karkata ya taɓa ƙasa. Manyan motocin baje ƙanƙara kuwa sai tirela mai ƙasa-ƙasa, wadda daɓenta bai wuce santimita 45 zuwa 60 daga titi ba, alhali na tirelar da aka saba gani yakan kai mita ɗaya da rabi. Amfaninta biyu ne: kaya ba zai bugi ƙarƙashin gada ba, kuma nauyi yana kusa da ƙasa, don haka ba ya saurin kifewa a kwana. Wasu daga cikin irin waɗannan tireloli ana cire wuyansu, gaban ya kwanta a ƙasa, motar ta hau ba tare da gangara mai tsini ba.

Dokokin faɗi, tsayi da nauyi

A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar da aka kafa a 1996 ta ƙayyade faɗin babbar mota a mita 2.55, tsayinta sama a mita 4, jimillar nauyin mota da tirela da kaya kuma tan 40 a tafiyar ƙasa da ƙasa. A Amurka, iyakar faɗi a manyan hanyoyin tarayya ita ce mita 2.6, iyakar nauyi kuma kilogiram 36,287. Nauyin motar baje ƙanƙara bai cika zama matsala ba. Faɗinta ne ke karya doka.

Saboda haka mai jigila yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne a kwance motar: a cire bel biyu a naɗe su, a cire garma da injin baya, sai gangar jikin ta rage kusan mita biyu da rabi, wato ta dawo cikin iyakar doka. A nan dole a ɗaga ta da ƙugiya ko a jawo ta da waya zuwa kan tirela, kuma sau da yawa sassan da aka cire sukan buƙaci mota ta biyu. Idan an isa, makanikai su sake haɗawa su daidaita taurin bel. Wannan hanya ce aka fi bi a tafiya mai nisa da kuma wadda za ta haɗa da jirgin ruwa.

Zaɓi na biyu shi ne a ɗauke ta yadda take a ƙarƙashin izinin kaya mai wuce ƙima. A Amurka kowace jiha ce ke bayar da nata izinin, don haka direban da zai ratsa jihohi biyar sai ya riƙe takardu biyar, kowace da sharuɗɗanta. Takardar takan fayyace hanyar da za a bi, ta wajabta jajayen tutoci a kusurwoyin kaya, da allon gargaɗi, da fitilu masu walƙiya. A jihohi da dama ba a yarda irin wannan kaya ya yi tafiyar dare ba, kuma idan faɗi ya wuce kimanin mita 3.7 akan buƙaci motar rakiya. A Jamus ana neman izinin ta wani tsarin intanet mai suna VEMAGS, inda hukumomin yankunan da hanyar ta ratsa ke duba buƙatar.

Ita ma takardar tuƙi tana da iyaka. A Turai, lasisin mota na yau da kullum yana ba da damar jan tirelar da ba ta wuce kilogiram 750 ba, ko wadda ta fi haka matuƙar jimillar mota da tirela ba ta haura kilogiram 3,500 ba. Abin da ya wuce nan sai da ƙarin lasisi.

Lodi da ɗauri

Lokacin hawa da sauka yana cikin mafi haɗari a dukkan aikin. Haƙoran ƙarfe a kan daɓen ƙarfe mai ƙanƙara ba su da kamu, kuma mota mai tan 10 tana iya zamewa gefe ta faɗo. Don haka akan ajiye tirela a wuri mai daidaito, a kankare daɓen, a shimfiɗa katako ko tsofaffin tayoyi, mutum ɗaya ya tsaya inda direba ke ganinsa yana ba shi alama da hannu. Babu wanda ake bari ya tsaya a gefen tirela yayin da motar ke hawa.

Dokar ɗaure kaya ta Amurka da ma'aunin Turai sun yi tarayya a kan abu ɗaya: ɗaurin ya iya riƙe ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan an taka birki, da kashi 50 cikin 100 zuwa gefe ko baya. Ma'ana, motar da ke da tan 10 tana iya tunkuɗo gaba da ƙarfin tan 8 a birkin gaggawa, kuma abin da ke gabanta shi ne ɗakin direba.

A Amurka, duk na'ura mai taya ko bel da nauyinta ya kai kilogiram 4,536 dole a ɗaure ta a wurare huɗu aƙalla, kusa da kusurwoyinta. Jimillar ƙarfin sarƙoƙin kada ta gaza rabin nauyin kayan. Sassa masu motsi irin su garma sai an sauke su ƙasa an ɗaure daban. Ana maƙala sarƙa ne a wuraren da masu ƙera motar suka tanada a jikin ƙashinta, domin sarƙar da aka ɗora a kan bel ko bututun mai tana lalata su, kuma ba ta riƙe komai. Babura kuwa akan danne faya-fayansu na gaba da sandar ƙarfe mai sukurori, a ɗaure baya da ɗamarar nailan, a ja birkin tsayawa, a rufe makunnin mai idan akwai.

Ɗauri ba ya zama yadda aka bar shi. Girgizar hanya takan sa kaya ya zauna, ƙanƙarar da ta maƙale ƙarƙashin bel ta narke, sarƙa ta saki. Shi ya sa dokar ta wajabta wa direba ya tsaya ya duba cikin kilomita 80 na farko, sannan bayan kowace awa 3 ko kilomita 240, duk wanda ya riga zuwa. Akan kuma share dusar da ke kan motar kafin tashi, domin dunƙulen ƙanƙara da ya faɗo a kan gudu yana iya fasa gilashin motar da ke biye.

Sanyi da yanayin hanya

Babbar motar da ke jan tirelar ita ma tana fama da sanyin da kayanta aka yi dominsa. Man dizal na yau da kullum yana ɗauke da sinadari mai kama da kakin zuma, wanda ke daskarewa ya toshe matatar mai idan sanyi ya yi tsanani. A yankunan arewa ana sayar da dizal na hunturu ko wanda aka gauraya da kananzir. Motar da aka cika wa tanki a gari mai ɗumi aka kai ta tsauni takan ƙi tashi idan ba a kula da wannan ba. Batir yana rage ƙarfi a sanyi, man haidirolik yana yin kauri, raɓar da ke cikin tankin iskar birki kuma tana iya daskarewa ta hana birkin tirela aiki, don haka direbobi kan zubar da ruwan tankin a kai a kai.

Gishirin da hukumomi ke watsawa domin narkar da ƙanƙarar titi yana cin alminiyam da wayoyin lantarki. Motar da ta yi kwana biyu a kan buɗaɗɗiyar tirela sai an wanke ta da ruwa mai kyau idan ta isa.

A mashigan tsaunuka akan ɗaura wa tayoyi sarƙa. Jihar Colorado ta wajabta wa manyan motocin kasuwanci ɗaukar sarƙoƙi a sashen tsaunuka na babbar hanyar I-70 daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu. Akwai kuma iyakar awannin tuƙi. A Turai direba ba ya wuce awa 9 a rana, sai dai sau biyu a mako da za a iya ƙara masa zuwa 10, kuma dole ya huta minti 45 bayan awa huɗu da rabi. A Amurka iyakar ita ce awa 11, amma a Alaska an ɗaga ta zuwa 15 saboda nisan da ke tsakanin wuraren tsayawa.

Fitattun hanyoyin jigila

A Turai, yawancin manyan motocin suna fitowa ne daga Laupheim da Sterzing zuwa filayen wasan zamiya na tsaunukan Alps da ƙasashen arewa, ko zuwa tashoshin jiragen ruwa irin su Bremerhaven. Wahalar nan ita ce ƙuntatattun kwanoni, ramukan da aka huda a cikin duwatsu, da dokokin hana zirga-zirga. A Jamus motar da ta haura tan 7.5 ba ta tafiya ranar Lahadi daga tsakar dare zuwa ƙarfe 10 na dare. A Suwizalan an hana manyan motoci tafiya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, da kuma ranar Lahadi. Sau da yawa tirela takan tsaya a gindin tsauni, a haɗa motar a can, ta ƙarasa hawa da ƙafarta bayan dusa ta sauka.

A Alaska, hanyar Dalton ce ke kai motocin dusar ƙanƙara zuwa rijiyoyin mai na gaɓar tekun Arctic. An gina ta a 1974 domin aikin shimfiɗa bututun mai, tsawonta kilomita 666 daga kusa da Livengood, arewa da Fairbanks, zuwa Deadhorse. Babban ɓangarenta tsakuwa ce. Tana haye kogin Yukon, ta hau mashigin Atigun mai tsayin mita 1,444, kuma daga zangon Coldfoot zuwa Deadhorse, kimanin kilomita 385, babu gidan mai. A Prospect Creek, wani wuri da ke kan wannan hanya, aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Amurka a Janairun 1971, wato digiri 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ko an isa Deadhorse, ba a sakin motocin su shiga fili sai hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta tabbatar ƙasa ta daskare kuma dusa ta yi kaurin da zai kare ciyayin da ke ƙarƙashi.

A arewacin Kanada lamarin ya zama kamar zobe: tirela ce ke kawo motar dusar ƙanƙara, ita kuma motar ce ke buɗe wa tirela hanya. Hanyar hunturu ta Tibbitt zuwa Contwoyto, wadda aka fara buɗewa a 1982 domin wata mahaƙar zinari, daga baya ta zama jijiyar mahaƙan lu'ulu'u na yankin, tana farawa ne gabas da Yellowknife, garin da ke da nisan kusan kilomita 1,500 daga Edmonton. Fiye da kashi 80 cikin 100 nata a kan daskararrun tafkuna take. Dusar ƙanƙara kamar bargo take, tana hana sanyi ratsawa, don haka sai an fara tura ƙananan motoci masu bel su share ta kafin ƙanƙarar tafkin ta yi kauri. Ba a barin mota mai cikakken lodi ta hau sai kaurin ya wuce mita ɗaya. Gudun mota mai kaya ba ya wuce kilomita 25 a awa ɗaya, domin nauyinta yana tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, wadda ke iya fasa ta idan ta doki gaɓa da ƙarfi. Hanyar takan yi aiki kusan wata biyu kacal a shekara. A 2006 hunturu ya zo da ɗumi, aka rufe ta da wuri, sai da kamfanoni suka koma ɗaukar kaya ta jirgin sama da tsada mai yawa.

Tafiya mafi nisa ita ce ta Antaktika, inda tirela ke zama matakin farko kawai. Kayan shirin binciken Amurka sukan taru a tashar Port Hueneme ta Kalifoniya, jirgin ruwa ya kai su sansanin McMurdo. Daga can taraktoci masu bel ke jan mai da kaya kimanin kilomita 1,600 zuwa sansanin da ke ƙuryar kudancin duniya. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu shi ma ƙofa ce ta shiga nahiyar ga ƙasashe da dama. Jirgin kaya yakan je sau ɗaya ne a shekara, a lokacin zafin yankin, saboda haka motar da ba ta isa tasha a kan lokaci ba sai ta jira wata shekarar.

Ƙetare iyaka da zaɓen lokaci

Idan jigilar za ta ƙetare iyakar ƙasa, akan buƙaci takardun mallaka, lambar jikin mota, takardar kwastam da inshorar da ta kai darajar kayan. Masu kai babura gasa ko baje koli na ɗan lokaci sukan yi amfani da takardar ATA Carnet, wadda ke ba da damar shiga da kaya a fito da su ba tare da biyan haraji ba. Ƙasashe irin su Kanada, Ostareliya da New Zealand suna tsananta bincike a kan na'urorin da aka riga aka yi aiki da su, kuma ƙasa ko irin ciyawa da ya maƙale a bel yana iya sa a tsare mota a tasha har sai an wanke ta.

Lokacin tashi ma yana da tasiri. Buƙatar tireloli masu ƙasa-ƙasa tana ƙaruwa daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ilin da kowane filin wasa da kowane ɗan kwangila ke son motarsa ta iso kafin dusar farko. A ƙarshen hunturu kuma wata matsala ke tasowa: idan ƙasa ta fara narkewa, ƙarƙashin kwalta yakan yi laushi, sai hukumomi su rage nauyin da aka yarda a ɗauka. A jihar Michigan ragin yakan kai kashi 25 zuwa 35 cikin 100 a wasu hanyoyi, lardin Quebec da jihar Minnesota ma suna da irin wannan doka. Saboda haka masu manyan motoci sukan fi son kai su a ƙarshen lokacin zafi, kafin hanya ta yi santsi, su kuma dawo da su gyara bayan an ɗage dokar rage nauyi.